Husufin rediyo: yadda ake auna iskar saman Maraɗi daga tazarar Dakar

Tashar yanayi da ke filin jirgin saman Maraɗi tana auna zafi da laima da nauyin iska, da inda iskar take busowa, da yawan ruwan da ya zuba. Duk awon nan a ƙasa ake yin sa, bai wuce tsayin mita goma ba. Hadarin da manomin Tibiri ko na Gidan Rumji yake zuba wa ido kuwa, can sama ake ƙulla shi. Da damina iskar da ke kanmu hawa-hawa take. Ta ƙasa mai laima ce, daga tekun Gine take zuwa ta kudu maso yamma, kuma a wajenmu kaurinta bai cika wuce kilomita ɗaya zuwa biyu ba. A bisanta busasshiyar iska ce. Wajen kilomita uku zuwa huɗu akwai wata mai gudu da take ketowa daga gabas, wadda a watan Agusta takan bi kusan ta saman layin da Damagaram da Maraɗi da Yamai suke. Ita take koro manyan hadarai, shi ya sa ko yaro ya san gabas ake dubawa in ana jiran ruwa. Mafi yawan ruwan da muke samu a shekara, 'yan waɗannan manyan hadaran ne suke kawo shi.

Duk mai son yin hasashen ruwa dole ya san halin da kowane hawa yake ciki a yau. Tsohuwar hanyar sani ita ce balan-balan: a cika shi da iskar haidurojin ko hiliyom, a ɗaura masa ɗan akwatin awo, a sake shi ya tashi kilomita 25 ko 30 kafin ya fashe, yana ta turo bayani ta rediyo. A ƙa'ida sau biyu ake saki, ƙarfe ɗaya na dare da ƙarfe ɗaya na rana agogon Nijar. Akwatin ba ya dawowa, kowace saki sai sabo, kuma da kuɗin waje ake sayensa. Wannan ya sa Afirka ta fi ko'ina ƙarancin irin wannan awo. A Nijar tashoshin da aka sani da shi su ne Yamai da Agadas, kowace da tazarar ɗaruruwan kilomita daga Maraɗi. Ko a 2006, da aka yi babban binciken damina na Afirka ta Yamma mai suna AMMA, sai da aka farfaɗo da wasu tashoshin yankin aka kuma buɗe sababbi kafin masana su sami abin da za su yi aiki da shi.

Husufin rediyo dabara ce ta auna wannan iskar ba tare da an aika komai cikinta ba sai sigina.

Tushenta abu ne da muke gani kullum da magariba. Haske ba ya miƙewa sak idan ya ratsa iska, lanƙwasa yake yi zuwa inda iskar ta fi kauri. Lokacin da ido ya ga gindin rana ya taɓa ƙasa, iska ta riga ta lanƙwaso haskenta da kusan rabin digiri, wato kusan faɗin ita kanta ranar, kuma masu lissafin lokutan salla suna saka wannan cikin lissafinsu. Siginar rediyo ma haka take: tana lanƙwasa, tana kuma rage gudu.

Taurarin GPS, wajen talatin, suna shawagi a tsayin kilomita 20,200, suna watsa sigina dare da rana. Akwai kuma ƙananan taurari a ƙasa-ƙasa, kilomita 500 zuwa 800, masu zagaye duniya cikin kimanin minti 100. A idon ƙaramin tauraro, taurarin GPS fitowa suke yi suna faɗuwa a bayan duniya. Idan ɗaya ya doshi faɗuwa, siginarsa takan fara yankar iska ta gefe, daga can ƙololuwa, tana sauka hawa bayan hawa har duniya ta tare ta baki ɗaya. Minti ɗaya ne zuwa biyu an gama. Idan tauraron fitowa yake yi, daga ƙasa ake farawa a hau.

Lokaci ake aunawa a cikin wannan mintin. Taurarin GPS suna ɗauke da agogon atam, wato agogo mai tsananin daidaito, kuma tsawon kowace igiya ta babbar siginarsu santimita 19 ne. Na'urar da ke kan ƙaramin tauraro tana ƙirga igiyoyin nan har zuwa 'yan milimita. Tunda an san inda taurarin biyu suke da irin gudun da suke yi, an san lokacin da siginar za ta iso da a ce babu komai a tsakani. Duk jinkirin da ya ɗoru a kai, na iska ne. Can sama jinkirin ɗan kaɗan ne. Kusa da ƙasa yakan kai kwatankwacin ƙarin tafiyar kilomita guda ko fiye, lanƙwasar kuma ta kai digiri ɗaya zuwa biyu. Wannan jinkirin, ga mai neman hanya da GPS kuskure ne da ake ƙoƙarin gogewa. Ga mai hasashen yanayi shi ne amfanin gonar. Faɗuwar wani tashin wani.

Sauran aikin lissafi ne, kuma kamar ɓare albasa ake yin sa. Siginar farko ɓawon waje kaɗai ta ratsa, saboda haka lanƙwasarta ta bayyana halin wannan ɓawon. Ta biyu ta ratsa na waje da mai bi masa. A cire rabon na waje, wanda aka riga aka sani, abin da ya rage na na biyun ne. Haka har ƙasa. Lissafin da ake amfani da shi sunan Niels Abel yake ɗauke da shi, wani masanin lissafi ɗan Norwe da ya rasu a 1829. A inda iska take busasshiya, yawan lanƙwasa kai tsaye yake nuna kaurin iskar. In ka tara kaurin duk hawan da ke sama da wani wuri, ka sami nauyin iska a wurin. In kana da kauri da nauyi, zafi ya fito. Tsakanin kilomita 8 da 25, kuskuren zafin da ake samu ta haka bai kai digiri ɗaya ba, kuma ana iya bambance hawan da kaurinsa bai wuce 'yan ɗaruruwan mita ba.

Abin da ya fi burge ni a nan shi ne inda tauraron yake lokacin da yake awon. Tunda ta gefe yake leƙo iskar, tauraron da ke tsayin kilomita 550 sai yana nesa da wurin da kimanin kilomita 2,600. Ranar da aka auna iskar saman Maraɗi, mai awon yana can wajen saman Dakar ko Khartum.

Ba a duniyarmu aka fara gwada dabarar ba. A watan Yulin 1965 kumbon Amurka Mariner 4 ya shige ta bayan duniyar Mas, siginarsa ta ratso iskarta kafin ta iso, daga nan aka gane cewa nauyin iskar Mas bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na tamu ba, ƙasa sosai da yadda ake zato. An ci gaba da yin haka a Zahra da sauran duniyoyi, har Fuluto a 2015. Tamu duniyar sai da ta jira GPS. An harba gwajin farko, GPS/MET, a watan Afrilun 1995. Jamus ta biyo da tauraron CHAMP a 2000. A 2006 Taiwan da Amurka suka harba taurari shida na COSMIC, Turai ta harba tauraron yanayi na Metop na farko, kuma a ƙarshen shekarar cibiyar hasashen yanayi ta Turai, ECMWF, ta fara cusa wannan awo cikin manhajar kwamfutar da take hasashen kullum da ita. Wanda ya fi shafarmu shi ne COSMIC-2, taurari shida da aka harba ranar 25 ga Yunin 2019. Da gangan aka karkata hanyarsu da digiri 24 kawai daga ikweta, don su riƙa zarya a kan ƙasashe masu zafi. Maraɗi tana digiri 13.5 a arewa, tsakiyar gonarsu ke nan.

Masu hasashe suna ji da wannan awo saboda dalilai biyu. Na farko, gajimare ba ya tare siginar, ƙurar hunturu ma ba ta tare ta, dare da rana kuma duk ɗaya ne. Na biyu ya fi zurfi. Yawancin taurarin yanayi ɗumin da iska take fitarwa suke aunawa, na'urorinsu kuma sukan karkace da tsufa, sai an riƙa yi musu gyara. Wa zai faɗi na'urar da ta karkace da wadda take daidai? Husufin rediyo a kan agogo ya dogara, kuma daƙiƙa ɗaya ce ga tsohon tauraro da sabo. Saboda haka cibiyoyin hasashe suna karɓarsa ba gyara, su daidaita sauran da shi. Awo ɗaya na husufi yana ƙara wa wasu dubbai daraja. Hasashen da ke fitowa a wayar salula, da wanda ma'aikatar yanayi ta ƙasa da cibiyoyin nazarin yanayi na AGRHYMET da ACMAD da ke Yamai suke ɗora nasu aikin a kai, daga irin waɗannan manhajojin yake, saboda haka wanda ya taɓa duba ko za a yi ruwa jibi ya riga ya ci moriyar husufin.

Nawa ne rabonmu? COSMIC-2 yana kawo jerin awo wajen 5,000 a rana, galibi tsakanin digiri 40 arewa da 40 kudu. In aka raba daidai bisa faɗin ƙasa, Nijar mai murabba'in kilomita 1,267,000 za ta tashi da kusan ashirin a rana. Wannan lissafin kai tsaye ne nawa, amma ya isa kwatance: tashoshin balan-balan biyu, ko komai ya tafi daidai, huɗu za su bayar. Jihar Maraɗi ita kaɗai, mai murabba'in kilomita kusan 41,800, rabonta bai wuce ɗaya a kwana ɗaya ko biyu ba, kuma ba wanda yake zaɓar wuri ko lokaci. Inda hanyoyin taurari suka haɗu, nan awo ya faɗa.

A nan ya kamata a rage zumuɗi, domin raunin dabarar ya fi fitowa daidai inda muka fi buƙatarta.

Siginar tafiyar kwance take yi cikin iska, don haka kowane awo gauraye ne na tsawon kilomita 200 zuwa 300, kamar daga Maraɗi zuwa Damagaram. A damina kuwa, ana iya sheƙa ruwa a Madarunfa, Tasawa ko ɗigo. Ruwan da ya sauka a birnin Maraɗi a ƙarshen Agustan 2024, ya rusa gidaje ya ci rayuka, husufi ba zai nuna unguwar da zai faɗa wa ba. Abin da zai iya shi ne ya taimaka wa manhaja ta gane cewa iskar yankin ta ɗauki laima mai yawa kuma a shirye take ta tashi.

Ita kanta laimar matsala ce. Tururin ruwa yana lanƙwasa siginar rediyo sosai, har a ƙasan iskar damina yakan ɗauki kaso mai tsoka na lanƙwasar duka. Lamba ɗaya ce take fitowa daga awo, alhali abu biyu ne suka haifar da ita, zafi da laima. Dole a aro ƙiyasin zafi daga manhajar hasashe kafin a ware laima, kuma in ƙiyasin ya karkace, laimar ma ta karkace. Sannan inda iska mai laima ta yi iyaka da busasshiya kwatsam, siginar takan rabu ta iso ta hanyoyi da yawa a lokaci guda, wani lokaci ma ta maƙale cikin hawan tana bin lanƙwasar duniya. Idan haka ta faru, lissafin yakan nuna laima ƙasa da yadda take. Irin wannan iyakar ita ce tsarin samanmu da damina: laimar teku a ƙasa, busasshiyar iska a bisa. An sami ci gaba a na'urori da lissafi, COSMIC-2 yana kaiwa ƙasa fiye da magabatansa, amma har yanzu kilomita biyun ƙarshe su ne mafi rauni. Ga kuma gudun iska, wanda husufi ba ya auna shi kai tsaye, alhali a ƙasashe masu zafi yana cikin abin da manhaja ta fi ƙishirwa. Wanda ya ce tauraro ya sallami balan-balan bai san aikin ba. Da hanau gara mannau, amma Yamai da Agadas suna nan da muhimmancinsu, don da su ake gwada gaskiyar tauraron a wannan yanki.

Kafin siginar ta iso iskar da muke shaƙa, sai ta ratsa wani hawan da ke can sama, daga wajen kilomita 60 zuwa 1,000, inda hasken rana yake fasa ƙwayoyin iska ya saki ƙwayoyin lantarki. Shi ne ayonosfiya. Masu sauraron gajeren zango sun daɗe suna hulɗa da shi. Sashen Hausa na BBC tun 1957 yake watsa shiri, kuma a kan wannan hawan siginar gajeren zango take karo ta dawo ƙasa. Shi ya sa a gajeren zango shirin rana yakan kasance kan mita irin su 16 ko 19, na dare kuma ya koma irin su 31 ko 41: hawan yana kauri da rana, ya saki da dare.

Ayonosfiya ma tana lanƙwasa siginar GPS, kuma da ba a iya ware nata rabon ba, da awon zafi ya lalace. Sa'ar da aka yi, GPS ba a kan zango ɗaya yake watsawa ba, akwai na megahaz 1575.42 da na 1227.60. Iskar ƙasa daidai take lanƙwasa su biyun, ayonosfiya kuwa ta fi lanƙwasa na 1227.60 ɗin. Bambancin da ke tsakaninsu shi yake fallasa rabonta. A cire shi, a sami yanayi; a ajiye shi gefe, a sami yawan ƙwayoyin lantarki hawa-hawa, har ƙololuwarsu da take tsakanin kilomita 250 da 400.

Mu a nan ba 'yan kallo ba ne. Maganaɗisun duniya yana da nasa ikwetan, kuma a Afirka ta Yamma ya hauro arewa, yana ratsa arewacin Najeriya, 'yan ɗaruruwan kilomita kudu da Maraɗi. Da rana, a kan wannan layin, ƙwayoyin lantarki tunkuɗa su sama ake yi, sai su gangaro ta hanyoyin maganaɗisu su taru su yi tudu biyu, kimanin digiri 15 arewa da kudu da layin: ɗaya cikin Sahara gaba da Agadas, ɗaya a kan tekun Gine. Edward Appleton ɗan Ingila ya bayyana wannan a 1946. Bayan magariba kuma ƙasan hawan yakan zaizaye da sauri, sai wasu kumfa marasa ƙwayoyin lantarki su taso su keta sama, su miƙe kudu da arewa tsawon ɗaruruwan kilomita. Siginar da ta bi ta cikinsu ƙyaftawa take yi, wani lokaci na'ura ta rasa tauraron ɗungurungum. Abin ya fi tsanani daga magariba zuwa tsakar dare, wajen Maris da Afrilu da kuma Satumba da Oktoba, musamman a shekarun da rana ta kai ƙololuwar zagayenta na shekara 11, kamar 2024. Mai neman hanya da waya ba lallai ya lura ba. Mai awon filaye da yake neman daidaiton santimita zai lura, haka matuƙin jirgin da zai sauka da taimakon tauraro. Hukumar ASECNA mai kula da zirga-zirgar jiragen sama a wasu ƙasashen Afirka, wadda Nijar take ciki, ta fara watsa siginar gwaji ta gyaran GPS a 2020 ta tauraron Najeriya NigComSat-1R, kuma halin ayonosfiyar wannan yanki yana cikin manyan abubuwan da irin wannan tsari zai shawo kansu.

Na'urorin ƙasa masu sa ido kan ayonosfiya ƙalilan ne a Afirka, saboda haka husufi ya cike babban giɓi. Sai dai raunin nan ya sake biyo mu. Lissafin Abel ya ɗauka cewa kowane hawa iri ɗaya ne a duk tsawon hanyar sigina. A ayonosfiya hanyar dubban kilomita ce, kuma siginar da ta bi kudu da arewa ta samanmu za ta ratsa tudu, ta faɗa kwari, ta sake hawa tudu. Sakamakon yakan fito da kuskure babba a ƙasan hawan, har wani lokaci lissafi ya ba da adadin da bai kai sifiri ba, abin da ba zai yiwu ba. Masana suna rage wannan ta haɗa awon husufi da na tashoshin GPS na ƙasa cikin taswira ɗaya, wanda ya sake maido mu kan ƙarancin tashoshin.

Awon COSMIC da na magabatansa yana ajiye a cibiyar binciken yanayi ta UCAR da ke Boulder a Amurka, na Metop kuma a wajen EUMETSAT, hukumar taurarin yanayi ta Turai, kuma kyauta ake saukewa. Ɗalibin kimiyya a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi mai kwamfuta da intanet zai iya tara duk awon da ya faɗa tsakanin Birnin Ƙonni da Damagaram tun 2019, ya bi yadda laima take hauhawa daga Mayu zuwa Yuli, ya gwada da ranakun da aka yi shuka. Zai iya ɗaukar waɗanda suka faɗa kusa da Yamai ya auna su da na balan-balan, ya faɗa mana girman kuskuren kilomita biyun ƙasa a Sahel. Tambayoyi ne da suka fi damunmu fiye da yadda suka dami masu taurarin.

Ɗorewar kyautar ita ce ba ta hannunmu. Da farko taurari goma sha biyu aka tsara wa COSMIC-2, aka soke shidan da za su bi ta dogayen hanyoyin arewa da kudu a 2017 saboda kuɗi. Shidan da suka tashi, aikin shekara biyar aka ƙera su don shi, sun kuma riga sun wuce. Ƙwararrun fannin suna neman a kai jerin awo 20,000 a rana, kuma wani kaso na abin da ake samu yanzu daga kamfanoni ne irin su Spire da PlanetiQ, masu ƙananan taurari, waɗanda hukumomin Amurka da Turai suke saye a wajensu. Sharaɗin kowace yarjejeniya shi yake yanke wanda zai ga awon da lokacin da zai gan shi. In an saya da izinin rabawa ga duniya, ya iso kowa. In ba haka ba, hasashen da aka yi da shi zai iso wayoyinmu, amma ɗanyen awon ba zai shiga hannun masanan Yamai a kan kari ba, ko da a saman Dakoro aka yi shi.